Bayan Murmushin Ma'aikaciyar Jirgi: Ina Amfanin Ƙungiyar Ƙwadago?

A 'yan kwanakin nan duk inda ka ga 'yan ajin ƙarshe sun yi da'ira, ko a gindin darbejiya ko a teburin mai shayi, zancen ɗaya ne: in an miƙa furojet, an rubuta takardar ƙarshe, sai kuma ina? Wani zai dawo ya ɗora HND, wani shagon babansa na jiransa a kasuwa, wani kuma ya ce shi dai ya bar wa Allah. A irin wannan zama ne wata 'yar ajinmu ta ce ita kam ta riga ta yanke shawara. Zariya za ta, Kwalejin Fasahar Jiragen Sama, ta yi kwas ɗin ma'aikatan cikin jirgi, ta karɓi lasisinta daga hukumar NCAA, sannan ta fara jefa takardu a kamfanoni. In so samu ne, na Dubai ko na Doha. Ta zaro waya ta nuna mana hotuna: yunifom a goge, jaka mai taya, otal mai hawa barkatai, yau Landan gobe Jidda.

Sai wani ɗan tsokana ya ce, "Allah dai ya sa can ma ba a yajin aiki." Ta ce, "Ai ni ba ruwana da wata ƙungiya. Me ƙungiya ta taɓa jawo mana ban da zaman gida?" Aka kwashe da dariya, har da ni. Duk wanda ya taɓa zama a gida yana ƙirga watanni saboda malamai na yajin aiki ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan haushin.

To amma maganar ta tsaya mini a rai. Na yi ta bibiyar yadda aikin yake a ƙasashen da ya daɗe, musamman Amurka inda aka fara ɗaukar mata a kansa. Abin da na gani ya sa na ce bari in kawo shi nan, don ba ita kaɗai ce mai wannan buri a makarantar nan ba, kuma akwai maza a ciki.

Aikin ba rabon lemo ba ne

Abu na farko da ya kamata mu gyara a kawunanmu shi ne, ba don rabon lemo da biskit kamfani ke ɗaukar waɗannan mutane ba. Doka ce ta tilasta masa. A Amurka, a babban jirgi, kowace kujerar fasinja 50 sai an ware mata ma'aikaci ɗaya. Kuma kafin a amince wa sabon ƙirar babban jirgi ya fara ɗaukar mutane, sai an nuna cewa za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 alhali rabin ƙofofin a rufe suke. Matuƙa suna can gaba da nasu aikin. Masu buɗe ƙofa, masu kashe wuta, masu ba da taimakon farko in wani ya yanke jiki ya faɗi, su ne waɗannan masu murmushin.

Ranar 2 ga Janairun 2024, wani jirgin Japan Airlines ƙirar Airbus A350 ya yi karo da ƙaramin jirgin masu gadin teku yayin da yake sauka a filin Haneda na Tokyo, nan take wuta ta kama. Mutum 379 ne a ciki, fasinja 367 da ma'aikata 12. Na'urar sanarwa ta cikin jirgin ta mutu, ma'aikatan suka koma lasifikar hannu da maƙogwaronsu. Cikin ƙofofi takwas, uku kacal suka ga za a iya buɗewa ba tare da an tura mutane cikin wuta ba. Kowa ya fita da ransa, jirgin kuwa ya ƙone ƙurmus. A ƙaramin jirgin, mutum biyar cikin shida suka rasu.

Wannan shi ne ainihin aikin. Sai dai an ɗauki shekaru da yawa kafin kamfanoni su yarda su kalli masu yinsa a matsayin ƙwararru, kuma ba don raɗin kansu suka yarda ba.

In kin yi aure, aiki ya ƙare

Mace ta farko da ta yi wannan aiki ita ce Ellen Church, ma'aikaciyar jinya, wadda ta fara tashi ranar 15 ga Mayun 1930 a kamfanin Boeing Air Transport, wanda daga baya ya shiga cikin United Airlines. Su takwas aka ɗauka. Ku ji sharuɗɗan: dole ki zama nas, kada ki wuce shekara 25, kada nauyinki ya haura kimanin kilo 52, kada tsawonki ya wuce ƙafa 5 da inci 4, kuma ba ki da aure. Albashi dala 125 a wata.

Shekara 15 bayan haka, a 1945, albashin farawa yana nan a dala 125 ɗinsa, ko ɗar bai yi ba. A wannan shekarar ce wasu ma'aikatan United mata biyar, Ada Brown a gaba, suka kafa ƙungiyar farko ta masu wannan aiki. A 1946 suka samu yarjejeniyarsu ta farko da kamfani: albashi ya tashi zuwa dala 155, aka ƙayyade awoyin aiki, aka ware lokacin hutu, aka kuma samar da hanyar kai ƙorafi. Wannan ƙungiya ce ta rikiɗe ta zama AFA ta yanzu, mai mambobi sama da dubu 50 a kamfanoni kusan 20. Abin takaicin, ita Ada Brown ɗin da ta jagoranci tafiyar ba ta daɗe ba, domin ta yi aure a 1947, kuma dokar kamfani ta ce mai aure ba ta tashi.

Haka aka ci gaba har shekarun 1960. In kin yi aure, sallama. In kin samu ciki, sallama. In kin kai shekara 32, a wasu kamfanonin 35, an gode, ki kama gabanki. Ana ɗora mata a sikeli kamar buhun masara, in kin ƙara 'yan kilo a dakatar da ke. Ku duba dabarar da ke ciki: macen da za ta bar aiki bayan shekara biyu ko uku ba za ta kai matsayin babban albashi ba, ba za ta kai ga fansho ba, kuma ba za ta daɗe har ta san haƙƙinta ba. Kamfani na tallan 'yan mata, yana kuma adana kuɗi.

Da aka yi dokar kare haƙƙin 'yan ƙasa ta 1964, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a wurin aiki, ma'aikatan jirgi na cikin na farko-farkon da suka kai ƙorafi, ƙungiyoyinsu na mara musu baya. A 1968 hukumar daidaita damar aiki ta Amurka ta ce korar mace saboda aure ko shekaru ta saɓa wa doka. A 1971 kotu ta ba wata ma'aikaciya, Mary Sprogis, gaskiya a kan United da ya kore ta don ta yi aure. A shekarar dai wani namiji, Celio Diaz, ya yi nasara a kan Pan Am da ya ƙi ɗaukarsa don shi namiji ne. Samarin da ke sha'awar aikin nan, ku ma ga inda ƙofarku ta buɗe.

Wani abin kuma da mu 'yan yanzu ba mu tarar ba shi ne hayaƙin taba. Da can ana busa sigari a cikin jirgi, a rufe, tsawon awoyi. Fasinja zai shaƙa ya sauka, ma'aikaciya kuwa gobe ma tana ciki, jibi ma haka. Wata ma'aikaciyar American Airlines, Patty Young, ta shafe shekaru tana yaƙi da wannan, ƙungiyoyi suka kai maganar gaban majalisa. A 1988 aka hana shan taba a tafiye-tafiyen cikin gida da ba su wuce awa biyu ba, a 1990 aka faɗaɗa zuwa kusan duk na cikin gida, a 2000 kuma har da jiragen da ke shiga ƙasar ko fita. Yau in ka hau jirgi ka shaƙi iska ba warin taba, kana cin moriyar gwagwarmayar da ba da kai aka yi ba.

Agogon da ba ya juyawa sai an rufe ƙofa

Nan ne abin ya fi ba ni mamaki. A yawancin kamfanonin Amurka da Kanada, tsarin da aka gada shi ne ba a fara lissafa wa ma'aikaci kuɗin awa sai an rufe ƙofa jirgi ya kama hanya, kuma da ya tsaya a inda za shi, lissafi ya tsaya. Isowa filin jirgi da wuri, taron tsara tafiya, duba kayan gaggawa, tarbar fasinja, taya tsohuwa ɗaga jaka, raba rigimar mutum biyu a kan kujerar taga, zaman jiran jirgin da ya makara, duk wannan ba ya cikin lissafi. Kamar a ce yaron mota ba a biyansa wahalar lodi a tasha, sai taya ta hau kwalta.

Mu buga misali. A ɗauka a rana ɗaya kina da tashi huɗu, kowanne awa ɗaya da rabi. Awa shida ke nan a sama. Amma daga isowarki da asuba zuwa lokacin da za a sallame ki, kin yi awa 12 cikin yunifom. Shida za a biya ki, sai ɗan alawus ɗin abinci. Ƙungiyar CUPE ta Kanada ta ƙiyasta cewa mambobinta na yin kusan awa 35 a kowane wata na aikin da ba a biya. Kuma sababbin shiga ne suka fi shan wannan wahala, don su ake jibga wa gajerun tafiye-tafiye masu yawan sauka da tashi.

Yadda wannan tsari ya fara rushewa darasi ne da kansa. Delta shi ne babban kamfanin Amurka da ma'aikatan cikin jirginsa ba su da ƙungiya, kuma AFA ta daɗe tana zawarcinsu. Ana tsakiyar wannan zawarci, a 2022, sai Delta ya sanar cewa daga watan Yuni zai riƙa biyan rabin kuɗin awa a lokacin da fasinja ke hawa. Kamfanin bai ce don tsoron ƙungiya ya yi ba. Ni dai a nawa ganin, mai gidan da ya ƙara wa yaronsa kuɗi a daidai lokacin da maƙwabci ya fara yi wa yaron magana, ya san abin da yake gudu. Ko inuwar ƙungiya ma tana sa a motsa.

Amma akwai bambanci tsakanin abin da aka ba ka kyauta da abin da ka sa aka rubuta. Na farko, wanda ya bayar yana iya karɓe abinsa ranar da ya ga dama. A Satumban 2024 ma'aikatan American Airlines, ta hannun ƙungiyarsu APFA, suka amince da sabuwar yarjejeniya bayan shekara biyar ba ƙarin albashi. Sun samu ƙarin kusan kashi 20 cikin ɗari nan take, kuma kuɗin lokacin hawan fasinja ya shiga takarda, da sa hannun ɓangarorin biyu.

A Kanada kuwa sai da aka kai ruwa rana. Ranar 16 ga Agustan 2025 ma'aikatan Air Canada kusan dubu 10 suka tsunduma yajin aiki. Cikin 'yan awoyi gwamnati ta sa baki aka umarce su su koma. Suka ce ba inda za su. Ranar 19 ga wata aka cimma matsaya wadda ta haɗa da biyan aikin ƙasa kafin tashi. Daga baya mambobin suka yi watsi da tayin albashin da shugabanninsu suka kawo musu, aka miƙa wannan ɓangaren ga mai raba gardama. Ku lura da wannan: a ƙungiya mai rai, shugaba ba ya da ta cewa ta ƙarshe, ƙuri'ar mambobi ce.

Ranar da fasinja ya kai ƙararki

Yajin aiki shi ake gani a labarai, amma yawancin amfanin ƙungiya a ɓoye yake, a ƙananan ofisoshi. A ce wani fasinja mai ji da kansa ya ƙi ɗaura bel, ko ya ƙi kashe waya, kin yi masa magana sau uku, ya fusata. Da saukarsa ya rubuta wa kamfani cewa kin ci mutuncinsa, ya kuma saka guntun bidiyo a intanet wanda bai nuna farkon maganar ba. Kamfani na tsoron sunansa. Abu mafi sauƙi a wurinsa shi ne ya sadaukar da ke. In ke kaɗai ce, za ki shiga ofis ki tarar da mutum uku a bayan tebur, a miƙo miki takarda a ce sa hannu. In akwai yarjejeniyar ƙungiya, wakili zai zauna kusa da ke, wanda ya san dokokin aikin kamar tafin hannunsa. Zai nemi a ji ta bakin abokan aikinki. In an yanke hukuncin da bai dace ba akwai matakan ɗaukaka ƙara, har zuwa gaban mai raba gardama da ba ma'aikacin kamfanin ba ne. Kuɗin lauya kuma ba daga aljihunki zai fito ba.

Haka batun jadawalin aiki. Wa zai samu tafiya mai tsoka, wa zai yi sallah a gida, wa za a ajiye yana jiran kiran waya da tsakar dare? Inda ba tsari a rubuce, wannan yakan koma hannun mutum ɗaya, kuma mu nan ba baƙi ba ne ga abin da ke faruwa in makomar budurwa na hannun wani oga shi kaɗai. Yarjejeniyar ƙungiya kan ɗaure wannan da ƙa'ida, galibi daɗewa a aiki, ta yadda ba sai kin yi wa kowa fadanci ba.

Sai hutu. Gajiya a wannan aiki ba ƙaramin abu ba ce: barci ya rikice saboda bambancin lokaci, iska busasshiya, tsayuwa ta awoyi. A da dokar Amurka ta ba da awa tara tsakanin aiki da aiki, kuma ana iya rage ta zuwa takwas. A cikin takwas ɗin nan ne za a fita daga filin jirgi, a jira mota, a isa otal, a ci abinci, a yi barci, a tashi a shirya a dawo. Ƙungiyoyi suka yi ta matsa lamba har majalisa ta amince da awa 10 a 2018, hukumar jiragen sama ta fitar da ƙa'idar ƙarshe a Oktoban 2022, kuma ba a yarda a rage ko minti ɗaya ba. Wannan ba ma'aikaci kaɗai ya amfana ba. In ni ne fasinja, na fi son wadda za ta buɗe mini ƙofa cikin hayaƙi ta kasance ta yi barci. Na kuma fi son wadda in ta ga wani abu ba daidai ba a jirgi za ta iya faɗa ba tare da tsoron kora ba.

In kamfani ya durƙushe

Harkar jiragen sama ba ta da tabbas. A nan gida ma, tambayi iyayenmu sunayen kamfanonin da suka hau a da, ka ga nawa suka rage. A 2020, da korona ta ajiye jirage a ƙasa, shugabar AFA Sara Nelson na cikin waɗanda suka dage cewa in gwamnati za ta tallafa wa kamfanoni, to a ɗaure kuɗin da albashin ma'aikata. Haka aka yi: dala biliyan 25 ga kamfanonin fasinja, bisa sharaɗin a kashe su a kan albashi, ba korar dole har ƙarshen Satumba, tare da taƙaita abin da manyan shugabanni za su kwasa.

Namu labarin ya fi ɗaci. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, dubban ma'aikata suka watse ba a biya su cikakken haƙƙinsu ba. Sai a 2018 gwamnatin Buhari ta amince da fitar da sama da naira biliyan 22, kimanin rabin abin da ake bin ta. Shekara 15. Da yawa sun rasu suna jira. Wani zai ce, to ina amfanin ƙungiyar da ta kasa karɓo haƙƙi sai bayan shekara 15? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ce wannan nasara ce ta a buga ganga ba. Sai dai ku yi tunanin tsohon ma'aikaci shi kaɗai, da fayil a hammata, yana zarya ma'aikatar kuɗi a Abuja. Haɗuwar tsofaffin ma'aikatan wuri guda, da goyon bayan ƙungiyoyin harkar irin su NUATE da ATSSSAN, ita ta hana a binne maganar.

Dubai da Doha fa?

Yanzu mu zo kan mafarkin 'yar ajinmu. Manyan kamfanonin yankin Gulf na ɗaukar ma'aikata daga ƙasashe da dama, suna ba da masauki da albashin da ba a cire masa haraji. Ba ƙarya ba ne, kuma ga ɗan Nijeriya a wannan yanayi ba abin rainawa ba ne. Amma a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba a yarda da ƙungiyar ƙwadago ba, a Katar kuma baƙo ba ya iya shiga ƙungiya. Ga shi takardar zamanki a ƙasar na ɗaure da aikin. Ranar da aiki ya ƙare, gida da biza sun bi shi.

Har zuwa 2015, kwantiragin Qatar Airways ya ba kamfanin damar sallamar ma'aikaciya in ta samu ciki, kuma akwai takunkumi a kan yin aure a shekara biyar na farko. Wato irin takunkumin auren da matan Amurka suka kawar tun 1968. Tunda matan ba su da ƙungiyar da za ta yi magana, sai Tarayyar Ma'aikatan Sufuri ta Duniya, ITF, tare da babbar ƙungiyar ƙwadago ta duniya suka kai ƙara gaban hukumar ILO a 2014. A 2015 hukumar ta ce sharaɗin cikin nan nuna bambanci ne. Kamfanin ya sassauta: mai ciki a ba ta aikin ƙasa na wucin gadi, aure kuma a sanar kawai. Ban ce kada a je ba. Na ce wadda za ta je ta san cewa a can takardar da ta sa wa hannu ita ce uwa ita ce uba, don haka ta karanta ta layi-layi.

Ba duka ne zuma ba

Kada a ce na zo tallan ƙungiya. Tana da nata tabon. Akwai kuɗin da ake cira duk wata, ko kin buƙaci taimako ko ba ki buƙata ba. Tsarin daɗewa a aiki da na yaba ɗazu, mu matasa yake dannewa, domin sabon shiga ne zai yi shekaru yana karɓar ragowar jadawali, kuma in an zo rage ma'aikata shi ne farkon fita. Akwai shugabannin da in sun ɗanɗana shayin ofishin manaja sai muryarsu ta canja, wannan kam ko a ƙungiyoyinmu na ɗalibai ba sai an ba mu labari ba. Sannan yajin aiki na taɓa wanda bai ji ba bai gani ba. A na Air Canada, kimanin fasinja dubu 130 ne tafiyarsu ke lalacewa a kowace rana, kuma a cikinsu tabbas akwai mai zuwa jana'iza da mai zuwa asibiti.

Kuma ba kullum ake cin nasara ba. A 2010 ma'aikatan British Airways a ƙarƙashin ƙungiyar Unite sun yi kwana 22 na yajin aiki, rigimar da ta faro daga rage yawan ma'aikata a cikin jirage. Kamfanin ya ƙwace wa waɗanda suka shiga yajin rangwamen tikitin da ake ba ma'aikata, sai a sulhun 2011 aka mayar musu. Abin da ya fi muni, a shekarar ta 2010 kamfanin ya buɗe sabon rukuni na sababbin ɗauka a kan albashi mai ƙaranci. Tsofaffi sun tsira da nasu, na baya suka shigo a ƙasa. Sai da waɗannan sababbin suka yi nasu yajin na kwana 85 a 2017. Ƙungiyar da ta tsare na ciki ta manta da masu zuwa, ta bar baya da ƙura.

A nan gida

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta don kare muradunsa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyoyin ILO masu lamba 87 da 98 tun 1960, waɗanda suka shafi 'yancin haɗuwa da yin ciniki da murya ɗaya. Gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne, ba a tilasta wa kowa, ba a kuma muzguna wa wanda ya ƙi. Rigimar aiki kuma tana da kotunta, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Wannan a takarda ke nan. A aikace, matashin da ya sha wahala kafin ya samu aiki a kamfani mai zaman kansa, ga ɗaruruwa a waje suna jiran gurbinsa, ba kasafai yake da ƙarfin halin furta kalmar ƙungiya ba. Kuma daidai wannan raunin ne ya sa aka ƙirƙiro ta tun farko.

Na koma na samu 'yar ajin namu da duk wannan bayani. Ba ta fasa Zariya ba, ni ma ban so ta fasa ba. Amma ta buɗe bayan littafinta ta rubuta tambayoyin da za ta nemi amsarsu kafin ta sa hannu a ko'ina: daga wane lokaci ake fara lissafin awa, awa nawa ne hutu tsakanin tashi da tashi, me takarda ta ce a kan aure da haihuwa, in kamfani ya biya kuɗin horo shekara nawa za a ɗaure ta kuma nawa za ta biya in ta tafi, wa zai zauna kusa da ita in an kira ta ofis. Ta ce ta ƙarshen ba za ta yi ta a ɗakin intabiyu ba, za ta nemi wata da ke aiki a kamfanin ta tambaye ta a gefe.